Gidan jana'iza a ƙaramin garin Amurka: yadda rumfar kafinta ta zama inda ake sallamar mamata

Wanda ya taso a inda ake yi wa mamaci wanka a gidansa, a sa masa likkafani, a ɗora shi a makara a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, zai sha mamaki idan ya shiga wani ƙaramin gari a Amurka aka nuna masa wani babban gida mai farfajiya da shuke-shuke, aka ce masa kusan duk wanda ya rasu a garin, nan ake fara kai shi. A ƙofar gidan akwai allo ɗauke da sunan iyali guda, sau da yawa a ƙara da cewa na wane ne da 'ya'yansa. Wannan shi ne gidan jana'iza, kuma kasuwanci ne da ke da lasisi, yake biyan haraji, yake karɓar kuɗi a hannun iyalan mamaci domin ya ɗauke musu duk wata ɗawainiya tun daga ɗauko gawa har zuwa rufe kabari. Akwai irin waɗannan gidaje fiye da 15,000 a faɗin ƙasar, kuma mafi yawansu har yanzu a hannun iyalai da ɗaiɗaikun mutane suke. Mai son ya fahimci yadda aka yi aikin da dangi da maƙwabta suka saba yi da hannunsu ya koma sana'ar gida ɗaya a gari, sai ya bi tarihin gidan, sannan ya bi ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya, domin kowane ɗaki akwai dalilin da ya sa aka samar da shi.

Mafarin sana'ar katako ne. A gundumar Lancaster da ke jihar Pennsylvania, wani kafinta mai suna Johannes Bachman, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Mennonite wanda asalin iyayensa mutanen Siwizalan ne, ya fara ƙera akwatunan gawa a shekarar 1769, wato tun kafin Amurka ta sami 'yancin kanta. Ainihin aikinsa kujeru ne da teburori da kabad, kuma zuriyarsa ta yi suna wajen ƙera dogayen akwatunan agogon tsaye. Akwatin gawa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da maƙwabci zai iya buƙata, sai dai shi ba ya jira, idan aka zo nemansa dole a ajiye duk wani aiki a auna mamacin a hau sassaƙa. Zuriyar Bachman ta riƙe wannan aiki har tsatso na takwas, inda ta kafa gidan jana'izarta a garin Strasburg, wanda mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba. Sauran tsofaffin gidajen ƙasar ma haka suka faro: na Bucktrout a Williamsburg ya samo asali a 1759, na Kirk & Nice a Germantown a 1761, kuma dukkansu rumfunan kafintoci ne tun farko. A wasu garuruwan kuma mai hayar dawaki da keken doki ne ya shiga harkar, saboda shi ke da abin ɗaukar akwatin zuwa maƙabarta. Shi ya sa har tsakiyar ƙarni na 20 ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya yana sayar da gadaje da kujeru a gaban kanti, yana kuma karɓar aikin jana'iza a bayansa.

A wancan zamani ba kafinta ne ke shirya gawa ba. Matan gida da na maƙwabta ne ke yi mata wanka, su sa mata tufafi, a shimfiɗe ta a babban falon gida, mutane su zo su yi ta'aziyya, a kwana ana gadinta, sannan a binne ta a harabar coci ko a wani gefe na gonar iyali. Abin da ya sauya wannan tsari shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayukan sojoji fiye da 600,000. Samari daga jihohin arewa suna mutuwa a fagen daga a kudu, ɗaruruwan kilomita daga gida, iyayensu kuma suna son a dawo musu da gawarwakin 'ya'yansu, alhali jiragen ƙasa ba sa yarda su ɗauki gawar da ta fara wari. Nan ne wasu likitoci da masu neman na kansu, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne Thomas Holmes, suka kafa tantuna kusa da sansanonin soja suna ɗura wa gawa magani ta jijiya domin ta jure tafiya. Da aka harbe shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilun 1865, an yi wa gawarsa wannan aiki, aka ɗora ta a jirgin ƙasa daga Washington zuwa Springfield a jihar Illinois, tafiyar kusan mako biyu ana tsayawa a manyan birane, dubban ɗaruruwan mutane suka ga fuskarsa da idonsu. Daga nan Amurkawa suka karɓi ra'ayin cewa ganin fuskar mamaci kwanaki bayan rasuwarsa abu ne mai yiwuwa, har ya zama abin da ake tsammani.

Da wannan ne kafinta ya zama gwanin da ake nema. A 1882 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, suka daina son a kira su da tsohon sunansu na Turanci, wato undertaker, suka zaɓi a ce musu daraktocin jana'iza, sannan jihohi suka fara sharɗanta karatu da jarrabawa da lasisi. Magungunan farko suna ɗauke da gubar asenik, wadda ke cutar da mai aikin kuma take rikita binciken 'yan sanda idan ana zargin an sa wa mutum guba, don haka a farkon ƙarni na 20 aka hana ta, wani sinadarin hana ruɓewa mai suna fomalin ya maye gurbinta. Duk da haka, an ɗauki shekaru mai sana'ar yana zuwa gidan mamaci da jakar kayan aikinsa da wani tebur mai naɗewa, ya yi aikinsa a ɗakin kwana ko a madafi. Abubuwa uku suka kawo ƙarshen wannan zirga-zirga: mutane suka koma mutuwa a asibiti maimakon a gida, gidajen birni suka ƙanƙance har babu falon da zai ɗauki akwati da masu ta'aziyya, sannan kayan aikin suka yi nauyin da ba za a riƙa yawo da su ba. Sai masu sana'ar suka shiga sayen manyan tsofaffin gidajen attajirai a tsakiyar gari suna mayar da su wurin aiki. Kiran wurin da sunan gida dabara ce mai ma'ana, domin abin da ake sayar wa iyalan mamaci shi ne falon da ba su da shi.

Wannan ne ya sa duk wanda ya shiga ƙofar gaba ba zai ga alamar wurin aiki ba. Zai tarar da darduma mai laushi, da fitilu marasa haske sosai, da kujerun zama irin na gida, da tebur ɗauke da littafin da masu ta'aziyya ke rubuta sunayensu. Daga nan sai ɗakin ganawa, wanda shi ne zuciyar ginin: a nan ake ajiye akwatin, galibi a buɗe rabinsa na sama, a kewaye shi da furanni da hotunan mamacin, iyalansa su tsaya a gefe mutanen gari su bi layi suna gaishe su, yawanci da yammacin ranar da ta gabaci binnewa. A ƙananan garuruwa ɗakin kan kasance da bango mai zugewa, ta yadda idan babban mutum ne ya rasu a haɗe ɗakuna biyu, idan kuma an yi rasuwa biyu a mako guda a raba su. Gidaje da dama suna da ɗakin addu'a mai jerin kujeru da mumbari, wanda da gangan ba a kafa masa alamar wata ɗariƙa ba, domin a yau fasto ne zai tsaya a wurin, gobe limamin Katolika, jibi kuma iyalin da ba su da coci ko kaɗan.

Akwai ƙaramin ofis inda ake zama da iyali washegarin rasuwa, kuma a ganina a nan ne ake gane gwanin sana'ar. A zaman sa'a ɗaya ko biyu ne ake tattara bayanan da za a cike takardar shaidar mutuwa, a nemi izinin binnewa daga hukuma, a rubuta sanarwar rasuwa da za a kai jaridar gari, a tsayar da rana da fasto da masu haƙa kabari, a duba ko mamacin tsohon soja ne da ya cancanci a lulluɓe akwatinsa da tutar ƙasa. Mutanen da ke zaune a gaban teburin ba su yi barci ba, hankalinsu ba ya jikinsu, kuma a wannan hali ne za su yanke shawarar kashe kuɗin da ga yawancinsu ba su taɓa kashe irinsa lokaci guda ba in ban da sayen gida ko mota. Kusa da ofishin akwai ɗakin zaɓen akwati, inda ake jera na ƙarfe da na katako, daga mai sauƙin kuɗi zuwa na tagulla. Jikan kafinta ba ya ƙera ko ɗaya daga cikinsu yanzu, sarowa yake yi daga manyan masana'antu irin su Batesville da ke jihar Indiana. A nan kuma ake zaɓen wani akwatin siminti da ake saka akwatin gawar a ciki, wanda ba doka ce ta wajabta shi ba, maƙabartu ne ke nemansa domin kada ƙasa ta lotsa a lokacin da injin yankan ciyawa ke bi ta kan kaburbura.

Ɗakin da baƙo ba ya gani shi ne na shirya gawa, wanda ke can baya ko a ƙarƙashin ƙasa, ƙofarsa a kulle. Ya fi kama da ɗakin tiyata: tebur na ƙarfe mara tsatsa mai magudana, da famfo, da na'urar fitar da iska saboda tururin fomalin yana da illa ga mai shaƙarsa kullum, da wata na'ura mai tulun gilashi da ke tura magani. Bayan an wanke gawar an daidaita fuskarta, sai a ɗan tsaga kusa da ƙashin wuya, a tura maganin ta babbar jijiyar da ke kai jini, jinin kuma ya fita ta jijiyar da ke dawo da shi, sannan a zuƙe ruwan ciki a zuba wani maganin. Aikin kan ci sa'o'i biyu zuwa uku. Daga nan sai gyaran gashi da kwalliya da sa tufafin da iyali suka kawo, ana duba hoton mamacin domin a kamanta yadda yake a raye. A babban birni mai yin wannan aiki bai san wanda ke kan teburin ba, amma a garin da ke da mutum dubu uku ko biyar, wanda ke kwance malaminsa ne na firamare, ko maƙwabcinsa, ko abokin wasansa na ƙuruciya, kuma gobe zai haɗu da matar mamacin a kanti. Wannan sanayya ita ce babban mai sa ido a kan aikinsa, ta fi sufeton gwamnati tasiri nesa ba kusa ba. Kusa da ɗakin akwai ɗakin sanyi, da gareji mai faɗi wanda motar ɗaukar gawa ke shiga a rufe ƙofa kafin a sauke abin da ta ɗauko.

A bene kuma iyalin mai gidan ne ke zaune. Dalilin a fili yake, mutuwa ba ta da lokaci, kuma kafin zuwan wayar hannu dole ne a sami wanda ke kusa da tarho dare da rana. Yaran gidan sun tashi suna sanin cewa idan akwai baƙi a ƙasa ba a gudu ba a kunna rediyo, suna fara aiki da wanke motoci da jera kujeru da ɗaukar furanni, kafin su tafi makarantar koyon sana'ar ta kimanin shekara biyu, su yi zaman koyo a ƙarƙashin mai lasisi, su dawo su gaji uba. Thomas Lynch, wanda aka fi sani da rubuta waƙoƙi, misali ne na wannan gado: mahaifinsa mai gidan jana'iza ne, 'yan'uwansa ma sun shiga sana'ar, shi kuma ya karɓi gidan iyalin da ke Milford a jihar Michigan a 1974. Akwai wani aiki da gidajen suka daɗe suna yi wanda matasan Amurka da yawa ba su ma sani ba. Da yake motar ɗaukar gawa ita ce kaɗai mota a gari da mutum zai iya miƙewa a cikinta, ita ce kuma motar ɗaukar marasa lafiya. Wani rahoto da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin kai majinyata asibiti masu gidajen jana'iza ne ke yin sa, galibi ba tare da horon ceton rai ba, kuma bayan wannan rahoto ne aka tsaurara ƙa'idoji har suka janye daga harkar.

Zancen kuɗi shi ne inda sana'ar ta fi shan suka. A 1963 marubuciya Jessica Mitford ta fitar da littafin da ya zargi masu sana'ar da cin gajiyar ruɗewar masu makoki, suna tura su sayen akwati mai tsada, suna kuma sa su ɗauka cewa doka ta tilasta a ɗura wa gawa magani. An daɗe ana ja-in-ja kafin hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta kafa dokar da ta fara aiki a 1984, wadda ta wajabta wa kowane gida ya miƙa wa mai tambaya takardar farashi dalla-dalla, ya faɗi farashi ta waya idan an tambaya, ya bar iyali su zaɓi abin da suke so kawai, kuma ya daina cewa ɗura magani dole ne inda doka ba ta ce haka ba. A 1994 aka ƙara da cewa idan iyali suka sayo akwati a wani wuri, gidan ba shi da ikon cajinsu kuɗin karɓarsa. Duk da haka jana'iza ba ta yi arha ba. Ƙungiyar masu sana'ar da kanta ta ce a 2021 matsakaicin kuɗin jana'iza mai ganawa da binnewa ya kai dala 7,848, ban da kuɗin fili a maƙabarta da dutsen kabari. Adalci dai shi ne a faɗi cewa gidan ƙaramin gari yana ɗauke da nauyin gini da motoci da ma'aikata a shirye duk shekara, alhali a wasu garuruwan jana'izar da zai yi ba ta wuce biyu a mako ba, kuma shi ne ke binne wanda ya mutu ba shi da kowa, ya kuma yi haƙuri da bashin maƙwabcin da ba zai iya kai ƙara ba.

Abin da ya fi nuna darajar sunan da ke kan allo shi ne halin manyan kamfanoni. A 1962 Robert Waltrip, wanda shi ma ɗan gidan jana'iza ne a Houston, ya kafa kamfanin Service Corporation International bisa lissafin cewa idan gidaje da yawa suka yi tarayya a motoci da ma'aikata da ɗakin shirya gawa guda, kuɗin gudanarwa zai ragu. A yau kamfanin yana da gidajen jana'iza fiye da 1,400 a Amurka da Kanada. Wani kamfanin Kanada mai suna Loewen ya bi wannan hanya da saye babu ƙaƙƙautawa har bashi ya durƙusar da shi a 1999. Idan irin waɗannan kamfanoni suka sayi gidan iyali, da wuya su sauke allon, sau da yawa ma sukan riƙe tsohon mai gidan a matsayin ma'aikaci, domin sun san cewa mutane suna komawa ne inda aka binne musu kaka da uba. Wannan ne ya sa gidajen da ba a saya ba suke rubuta a tallarsu cewa har yanzu na iyali ne. Yawancin waɗanda suka sayar kuwa ba talauci ya sa su ba, rashin magaji ne, saboda 'ya'yan da suka ga ubansu yana tashi da ƙarfe uku na dare shekara da shekaru sukan zaɓi wata sana'ar.

Sauyin da ya fi girgiza gidajen daga wajen iyalan mamata ya fito, wato ƙona gawa. An gina wurin ƙona gawa na farko a ƙasar a 1876 a garin Washington na jihar Pennsylvania, amma har 1960 waɗanda ake ƙonawa ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Cocin Katolika ya sassauta haramcinsa a 1963, iyalai suka warwatsu a jihohi daban-daban, zuwa coci ya ragu, tsadar binnewa ta ƙaru, har a 2016 adadin ya haura rabi. Ga mai gidan jana'iza, wannan na nufin iyalin da ba sa buƙatar akwati mai tsada, ko ɗura magani, ko jerin gwanon motoci. Wasu gidajen sun sayi tandun ƙonawa na kansu, wanda zafinsa ke kai wa tsakanin digiri 760 da 980 a ma'aunin Selsiyos, yana kammala aiki cikin sa'o'i biyu zuwa uku, ana kuma haɗa gawar da wata 'yar lamba ta ƙarfe da wuta ba ta ci domin kada toka ta rikice. Ɗakin zaɓen akwati ya ƙanƙance ya koma kantar tulunan toka, filin da ya rage kuma aka mayar da shi zauren cin abinci mai allon nuna hotuna da kyamarar da ke watsa taron ta intanet ga dangin da ke nesa.

Akwai al'ummomin da suka tilasta wa gidajen su saba da wata hanya. A kewayen Strasburg, 'yan ɗariƙar Kiristoci ta Amish suna barin mai gidan jana'iza ya ɗauki gawa ya ɗura mata magani, amma sai ya mayar da ita gida, iyali su sa mata fararen tufafi, a saka ta a akwatin katako mara ado, a haƙa kabari da hannu, a kai ta da keken doki, kusan yadda ake yi a zamanin Johannes Bachman. Musulmi mazauna Amurka, ciki har da Hausawan da ke New York, su ma sun sami nasu tsarin. Da yake a jihohi irin New York doka ta ce sai da hannun mai lasisi ake cike takardu a fitar da gawa, masallatai kan ƙulla yarjejeniya da wani gidan jana'iza ya ɗauko gawar daga asibiti, ya ba su ɗakin shirya gawa su yi wanka su sa likkafani da kansu ba tare da an ɗura magani ba, a yi sallah, a nufi sashen Musulmi na maƙabarta. Inda maƙabartar ta dage sai an sa akwatin siminti, akan yi amfani da wanda ba shi da gindi domin gawar ta taɓa ƙasa. Wahalar takan taso ne idan iyali suka so a mayar da mamaci gida Afirka, domin a nan ƙa'idojin kamfanonin jiragen sama da na ofisoshin jakadanci galibi suna neman a ɗura maganin a kuma rufe akwatin ruf, sannan takardun kaɗai kan ci kwanaki, abin da ke sa iyalai da yawa su zaɓi a binne shi a inda ya rasu.